Fam Ɗayan Kaka: Me Ke Sa Tsohuwar Takardar Kuɗi Ta Yi Daraja?

Bayan sadakar arba'in ɗin wani dattijo a unguwarmu, 'ya'yansa suka buɗe adakarsa ta ƙarfe. Can ƙarƙashin tsofaffin riguna da rasiɗan haraji sai ga gwangwanin madara, an toshe bakinsa da tsumma. Da aka zazzage, takardun kuɗi ne: fam ɗaya guda uku, sule biyar guda, naira ɗaya mai hoton masu dakon buhunan gyaɗa, 'yan Murtala kamar bakwai, da wasu guda biyu masu hoton bishiyar kwakwa da rana tana fitowa a bayanta. Da yamma jikansa ya same ni a ƙofar gida, ya rage murya kamar mai tallan haram, ya ce, "Kawu, na gani a TikTok wai irin waɗannan miliyoyi ake saye. Ina ake kai su?"

Na ce ya zauna tukuna. Tambayar tasa gajeriya ce, amsarta ce mai tsawo.

Gaskiya ne akwai mutanen da ke tara tsofaffin takardun kuɗi, kamar yadda wasu ke tara kan sarki ko tsofaffin littattafai. Suna da ƙungiya ta duniya da aka kafa tun 1961, suna da kundaye da suka ba kowace irin takarda lambarta, waɗanda ake kira lambobin Pick, daga sunan wani Bajamushe, Albert Pick, da ya yi aikin tsara su. Gaskiya ne kuma ana kashe dukiya a harkar. A 2014 an yi gwanjon wata takardar dala 1,000 ta Amurka da aka buga a 1890, aka saye ta dala miliyan 3.29. Masu harkar suna mata laƙabi da babbar kankana, saboda sifilai ukun da ke bayanta sun yi ɓul-ɓul da zane-zane kamar kankana. Irin wannan labarin ne yake yawo a waya har ya iso gwangwanin madara a Kano ko Gusau. Abin da ba ya biyo labarin shi ne dalilin tsadar: takardun irin wannan da suka rage a duniya ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Nan ne gizo yake saƙa. Tsufa kaɗai ba ya sayar da takarda. Mai saye yana tambayar abu uku ne: guda nawa suka rage, yaya lafiyar wannan da ke hannunka, kuma mutum nawa ke nemanta. In ɗaya ya faɗi, farashi ya bi shi.

Ɗauki takardun nan biyu masu kwakwa da rana. Kuɗin Biyafara ne. Lokacin yaƙin basasa, a watan Janairun 1968, gwamnatin tarayya ta canja takardun kuɗinta ba zato, domin ta mayar da tarin kuɗin da ke hannun 'yan aware ya zama takardar tsire. Su kuma suka fito da nasu a ƙarshen watan, sule biyar da fam ɗaya. A 1969 suka sake buga wasu: sule biyar, sule goma, fam ɗaya, fam biyar da fam goma. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, kuɗin suka mutu a hannun masu su, waɗanda ke da ajiya a banki aka sallame su da fam ashirin-ashirin. To, ga takarda mai tarihi, ta ƙasar da ba ta kai shekara uku ba, ta haura shekara hamsin. Kowa zai ce ta yi tsada. Amma fam ɗaya na bugun 1969 yana cikin takardun Afirka mafi sauƙin samu a kasuwar masu tarawa, domin an buga shi tuli, kuma da yawa ba su taɓa shiga hannun jama'a ba, bandir-bandir suka fita waje sababbi fil, wasu ma ko lamba ba a kai ga buga musu ba. Bugun farko na 1968 ya fi wuyar samu da lafiyarsa, shi ya sa ya fi daraja. Ƙasa ɗaya, fam ɗaya, tazarar shekara guda, amma farashi ya raba su.

Ta ɗaya gefen kuma ga Zimbabuwe. A Janairun 2009 ta fito da takardar dala tiriliyan 100, ɗaya da sifili goma sha huɗu, wadda a lokacin da ƙyar take yin cefane. Ba tsohuwa ba ce, ba kuma ƙaranci gare ta ba. Amma kowa yana son ya riƙe tiriliyan ɗari a hannunsa ya nuna wa abokai, sai masu nema suka yi yawa, har ta kai yau tana da kuɗin da ba ta taɓa samu ba tana raye. Har jabunta ake bugawa. Kuɗin da ya mutu ana yi masa jabu, ka ji ikon Allah.

Mu dawo gida, domin tarihin kuɗinmu shi ke bayyana abin da ya yi ƙaranci da abin da ya yi yawa.

Kafin Babban Bankin Najeriya, Turawan mulkin mallaka sun kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, mai yi wa Najeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Takardunta sun fara fitowa a 1916. Mutanenmu ba su yi maraba da su ba. Wanda ya tashi da wuri da azurfa, abin da zai cije ya ji tauri, ya bisne a tukunya ya tono bayan shekara goma ya tarar da shi yadda ya bar shi, yaya za a ba shi takarda a ce masa dukiya ce? Gara ta ci, gobara ta lashe, ruwan damina ya jiƙa. Saboda haka talaka ya fi riƙe sulalla, takarda kuwa ta fi yawo tsakanin kamfanoni da manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Wannan ƙyamar ta kakanni ita ce ta sa takardun hukumar na shekarun farko suke da wuyar samu yau, kuma su ne a cikin kuɗin yankinmu suke iya kai farashin da zai sa mutum ya gyara zama. Suna ɗauke da kwanan wata a jiki, masu tarawa kuma kwanan watan suke bi ɗaya bayan ɗaya, domin wani bugun ya fi wani ƙaranci nesa ba kusa ba.

Ranar 1 ga Yulin 1959 Babban Banki ya fito da takardun Najeriya na kanta: sule biyar, sule goma, fam ɗaya da fam biyar. A 1965 aka sake su domin sunan ƙasa ya koma jamhuriya. A 1968 aka yi canjin yaƙi. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta zo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule goma ya zama naira guda. Shi ya sa har gobe in Bahaushe ya ce jaka, fam ɗari ke nan a asali, naira 200 yake nufi. Kuɗin ya tafi, lissafinsa ya zauna a baki. Takardun farko na naira huɗu ne: kobo hamsin, naira ɗaya, biyar da goma. A Fabrairun 1977 aka fito da naira ashirin mai hoton Janar Murtala Muhammad, shekara guda bayan kashe shi, ita ce ta farko da ta ɗauki fuskar wani sanannen ɗan ƙasa. A 1979 Herbert Macaulay ya hau naira ɗaya, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya hau biyar, Alvan Ikoku ya hau goma. Sai Afrilun 1984, gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki ta canja launin takardun, aka ba mutane kwanaki ƙalilan su kai tsofaffin banki.

Kowane canji a cikin waɗannan tamkar tsintsiya ne. Mutane sun yi layi sun miƙa abin da ke hannunsu, banki ya tattara ya halaka. Abin da ya tsira shi ne wanda aka manta a aljihun wata riga, ko wanda mai shi yana ƙauye labari bai iske shi da wuri ba, ko wanda aka ƙi kaiwa don tsoron tambayar ina aka samo. Daga nan wata ƙa'ida ta fito wadda kusan ba ta saɓawa: babbar takarda ta fi ƙarama wuyar samu. Mutum zai iya mantawa da sule biyar. Amma fam biyar a 1959 ya fi albashin wata na leburori da yawa, ba wanda zai bar shi ya mutu a adaka yana sane. Don haka in ka ga fam biyar na bugun farko da lafiyarsa, ka ga abin dubawa. Fam ɗaya kuwa, shi ne wanda ya fi yawa a gwangwanayen kakanni.

Sai batun da ya fi daɗi a harkar, wanda kuma ya fi rikita baƙo: takardu biyu da ido zai ce ɗaya ne, masani ya ce kama da wane ba ta wane.

Na farko sa hannu. Takardun naira na shekarun 1970 da 1980 ba su da shekara a jiki, sa hannun gwamnan Babban Banki da na jami'in da ke gefensa su ne ke nuna zamanin bugu. Clement Isong ya riƙe bankin daga 1967 zuwa 1975, Malam Adamu Ciroma daga 1975 zuwa 1977, Ola Vincent zuwa 1982, sannan Abdulkadir Ahmed ya yi shekara goma sha ɗaya, har 1993. Mai shekara biyu da mai shekara goma sha ɗaya ba za su bar sawu iri ɗaya ba. Ko sunan muƙamin jami'i na biyu an canja shi ba sau ɗaya ba, kowane canji kuma ya haifar da wani nau'i na daban a kundin masu tarawa. Saboda haka 'yan Murtala bakwai ɗin nan na gwangwani ba lallai su zama abu ɗaya ba. Sai an jera su, an dubi launi a ga ko na kafin 1984 ne ko na bayanta, sannan a dubi sa hannu.

Na biyu, gyaran da aka yi shiru. Da aka fito da naira ɗari mai hoton Obafemi Awolowo a Disambar 1999, an sa Dutsen Zuma a bayanta, aka rubuta sunan Abuja tare da shi. Dutsen kuwa a Jihar Neja yake, duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ta Suleja ya sani. Daga baya aka cire kalmar Abuja. Kalma guda, ƙanana haruffa biyar, amma ta raba takardar gida biyu, kuma mai tarawa yana son ya mallaki kowace. Ni dai tun da na san wannan, ban sake ganin tsohuwar naira ɗari ban juya bayanta ba.

Haka batun ajami. Tun zamanin fam da sule takardunmu suna ɗauke da rubutun ajami da ke faɗin adadin kuɗin da Hausa, domin ɗimbin masu ciniki a Arewa da shi suke karatu. A Fabrairun 2007 aka sake fasalin naira biyar, goma, ashirin da hamsin, aka cire ajamin, aka rubuta adadin da Hausa da Ibo da Yarbanci cikin boko. A 2014 naira ɗari ta bikin cika shekara ɗari da haɗe Najeriya ita ma ta fito babu shi. Ya rage a kan 200 da 500 da 1,000. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan, kuma ba nan ne wurinsa ba. A wajen mai tarawa dai, Murtala ta takarda mai ajami da Murtala ta leda mai hoton Ladi Kwali a baya duniya biyu ce. Akwai kuma wata 'yar taga da mutane ba su lura da ita ba: biyar da goma da hamsin na sabon fasalin 2007 a kan takarda suka fito, sai a 2009 aka mayar da su leda. Shekara biyu da 'yan watanni kawai suka yi, kuma ƙananan kuɗi ne da hannun mai kayan miya da kwandasta ke gama da su cikin watanni.

Na uku, lambar da ke jikin takarda. A wurin bugu, in takarda ta lalace akan cire ta a sa wata a gurbinta don ƙirgen bandir ya cika, ita kuma ta madadin tana da alamarta. A Amurka tauraro ake sa mata a jikin lamba. A naira, masu tarawa suna farautar lambar da ta fara da DZ. Tunda kaɗan ne ke lalacewa, kaɗan ne na madadin. Akwai kuma masu son lamba don kyanta kawai: ƙaramar lamba kamar 000007, ko wadda duk adadinta ɗaya ne, ko wadda in ka karanta daga dama ko daga hagu abu ɗaya za ka samu. Akwai samfuri, wanda ake raba wa bankuna don su san kamannin sabon kuɗi, an buga masa SPECIMEN a fuska, lambarsa yawanci sifilai ce zalla.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da nasu salon. Sefar Afirka ta Yamma iri ɗaya ce daga Dakar zuwa Zinder, amma kowace takarda tana da harafin ƙasar da aka buga dominta: A na Kwaddebuwa, K na Senegal, T na Togo, H na Nijar. Mai tarawa ba ya cewa ya samu takardar sefa dubu ta wani zamani ya gama, sai ya bi haruffan. Muritaniya, mai harafin E, ta fice daga sefa a 1973, don haka harafinta ya tsaya cak tun lokacin. Wanda ke ciniki tsakanin Maraɗi da Jibiya ya shekara talatin yana ƙirga waɗannan takardu, wataƙila bai taɓa ɗaga kai ya dubi harafin ba.

Sai kuskuren bugu: takardar da aka yanke a karkace, ko wadda lambobinta biyu suka saɓa, ko wadda wani launi ya tsallake ta. Mafi shahara ita ce wata dala ashirin ta Amurka da 'yar takardar liƙi ta kamfanin ayaba na Del Monte ta manne mata ana tsakiyar bugu, har hatimi da lamba suka hau kan liƙin. A 2021 an sayar da ita dala 396,000. Amma a nan ne 'yan damfara suka fi kafa tarko, domin da sinadari ana iya goge launi, da reza ana iya karkata gefe. Hatimin da ya hau kan liƙin ne ya tabbatar da ta ayaba. Kuskuren da ba shi da irin wannan shaida, a yi masa kallon tsanaki.

Duk wannan bayani, lafiyar takarda ce ke yanke hukunci, kuma a nan ne yawancin gwangwanayenmu suke faɗuwa. Kamfanonin tantancewa irin su PMG suna ba takarda maki daga 1 zuwa 70, daga 60 zuwa sama na wadda ba ta taɓa yawo ba ne. Ninki guda a tsakiya ya isa ya fitar da ita daga wannan aji. To ka tuna yadda muke riƙon kuɗi. A ninke shi takwas a ƙulle a haɓar zane. A cusa a lalita. A dunƙule a tura asusu. A liƙa a goshin amarya ya faɗo a taka. Ya bi ta hannun mahauci da mai manja da mai gawayi, a rubuta masa lissafin bashi da biro, a ɗaure shi da roba ta narke a jikinsa. Takardar da ta bi wannan hanya ta shekara hamsin, ko da nau'inta mai wuya ne, abin da za a ba ka a kanta kaso ne kaɗan na abin da za a ba wa 'yar'uwarta da ta kwanta lafiya.

Abin takaici, da mutum ya ji haka sai ya tashi gyara. Ya wanke da sabulu, ya bi da dutsen guga, ya liƙe yagewa da salatif, wani ma ya kai shagon kwamfuta a rufe masa ita da leda mai zafi kamar takardar shaidar makaranta. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Sabuwar takarda tana da kaushin tawada da yatsa ke ji, tana da ƙara in an kaɗa ta. Guga yana kwantar da kaushin, wanki yana kashe ƙarar, kuma masani yana ganewa da ya karkata ta a haske. Mai datti da ba a taɓa ba ta fi mai tsabta da aka yi wa kwaskwarima. Ledar zafi kuwa kisa ce, ba a dawowa daga ita. Abin da takarda ke so bai da yawa: a shimfiɗe ta ba ninki, a sa ta cikin jakar da aka yi don wannan aiki ko tsakanin farar takarda mai tsabta, nesa da rana da laimar damina da gara, a riƙa ɗaukarta ta gefe da busasshen hannu.

Akwai wani abu da ya kamata mai sha'awar harkar a Najeriya ya sani. Dokar Babban Banki ta 2007, sashe na 21, wadda ta hana liƙi da tattaka naira, ita ce kuma ta hana tallanta da sayar da ita, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. An yi ta ne da masu sayar da sababbin kuɗi a bakin wuraren biki a zuciya, amma wanda zai yi cinikin nairar da har yanzu ake karɓa a kasuwa ya san da zamanta. Wanda kuma yake son ganin tsofaffin kuɗin da idonsa kafin wani ya yi masa romon baka, Babban Bankin yana da gidan adana tarihin kuɗi a Abuja, tun daga wuri har zuwa leda. Sannan duk wanda ya ce yana da mai saye a Dubai ko Landan, amma sai ka fara tura kuɗin rajista ko na gwaji, kuɗinka na yau yake nema, ba na kakanka ba.

Muka shimfiɗa kayan gwangwani a kan tabarma, ni da jikan marigayi. Fam ukun duk sun sha ninki har tsakiyarsu ta huje, ɗaya da jan tabon goro a kusurwa. Na Biyafara na 1969 ne. 'Yan Murtala biyu na kafin canjin launi ne, biyar na bayansa. Babu miliyan a ciki, babu ma kusa da ita. Wadda ta fi lafiya ba ta cikin gwangwanin ma: wata kobo hamsin ce da ya ce ya tsinta a tsakiyar wani littafin addu'o'i na kakan, inda aka sa ta alamar shafi aka manta. Ko ninki babu, kusurwoyinta huɗu a tsaye, tana ƙara kamar jiya aka fito da ita.

Muna cikin haka kakarsa ta leƙo daga soro, ta miƙa hannu ya ba ta fam guda. Ba ta yi boko ba. Ta nisanta shi da idonta, ta bi ajamin da yatsa ta karanta, sannan ta ce irinsa goma sha biyu aka kawo sadakinta, kuma mahaifinta sai da ya sa aka canjo masa su zuwa sulalla kafin ya yarda an biya.